Hannun Direban Tifa

Shekara talatin da ɗoriya Mai Kunne ya yi yana gyaran manyan motoci a garejin da ke bayan gidan mai, har mutane suka manta sunan da aka raɗa masa. In aka kawo masa mota, ba ya fara kwance komai. Sai ya ce a tayar da ita, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Can sai ya ɗago ya ce bawul na uku ne, ko famfon mai ne ya gaji. Da wuya a buɗe a ga ba haka ba.

Yana da wata magana da kowa a garejin ya haddace: shi a wurinsa mutum ma inji ne. Zuciya famfo ce, jijiyoyin jini tiyo ne, abinci mai ne, zazzaɓi kuma lagireto ce ta tafasa. Mai Walda, wanda rumfarsa ke jikin tasa, yakan ce in haka ne to salansar Mai Kunne ta daɗe da fashewa, duk wanda ya zauna kusa da shi bayan cin abincin rana shaida ne. A yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

'Ya'yansa huɗu, uku maza duk sun watse neman na kansu, sai mace ɗaya da ake kira Auta. Tela ce, tana da ɗan shago a bakin kasuwa. Shekara biyu da suka wuce ta kawo wani direban tifa ta ce shi take so. Mai Kunne bai yi gardama ba, don ya san shi: shi yake gyara masa mota, kuma Direba ba ya wasa da sauya baƙin mai a kan lokaci. Ya gaya wa matarsa cewa wanda ke tausayin inji haka ba zai wulaƙanta mace ba. Matar ta ce Allah Ya sa, ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Wata rana ya dawo gida cin abinci, ya tarar da takalman Auta a ƙofar ɗakin uwarta. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Da za ta miƙe, sai ta kama bakin ƙofa, ta tashi a hankali kamar tsohuwa. Ya zauna a tabarma yana wanke hannu, amma kunnensa yana kanta. Numfashinta ba ya kaiwa ƙarshe. Tana ja, sai ya tsaya a rabi kamar an taka masa birki, sannan ta sake shi kaɗan-kaɗan ta baki.

Ya ce ta ja numfashi sosai ya ji. Ta ce mura ce kawai. Ya ce ta ja dai. Ta ja, ta kai rabi, fuskarta ta yamutse, hannunta ya tafi gefen hagu da kansa. Mai Kunne ya juya musu baya, ya ce wa matarsa ta ɗaga rigar yarinyar ta duba. Bai ga komai ba, amma ya ji salatin da uwar ta saki, ya ji kwano ya faɗi daga hannunta.

"Da me ya yi?" ya tambaya, yana kallon bango.

"Da ƙafa, Baba."

"Wannan ne na farko?"

Ta sunkuyar da kai. Ya miƙe ya zura takalmansa. Auta ta ce, "Baba, ka zauna, akwai abin da na zo in faɗa maka." Ya ji ta sarai, amma ya riga ya kai ƙofar gida.

Filin da ake lodin yashi yana ƙarshen gari, bayan masana'antar bulo. Tifofi ne a jere, lebura suna watsa shebur, rana tana dukan ƙarfe har sai an kare ido. Mai Kunne ya tafi hannu biyu, ko sifana bai ɗauka ba. Ya hango Direba zaune a inuwar motarsa, ya jingina da taya yana shan ruwa a gora. Ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, kuma Mai Kunne ya girme shi da shekara ashirin da biyar.

Direba ya miƙe da fara'a. "Baba, kai ne da tsakar rana? Ai motar lafiyarta ƙalau."

Naushin farko a baki ya sami Direba. Ya ja baya, ya taɓa leɓensa, ya dubi jinin da ke yatsansa, ya ce Baba ya bari, yana ganin girmansa. Na biyu ya sauka a kan karan hanci, aka ji ƙas. Daga nan girma ya ƙare. Direba ya sunkuyar da kai ya gwabza wa tsohon karo a ƙirji, ya sure shi sama kamar buhun siminti ya maka shi a kan tsakuwa, ya haye kansa. Duka yake yi da hannu biyu, yana yi yana haki. Mai Kunne ya ji haƙoransa biyu sun taru a kan harshensa, ya ji ido ɗaya ya rufe. Leburan suka ajiye aiki suna cewa a bari, amma daga nesa, don sun san halin Direba in ransa ya ɓaci.

Direba ya tashi ya bar shi. Mai Kunne ya zaci an gama, sai ya ga ya zura hannu ƙarƙashin kujerar mota ya zaro ƙarfen jak. Dukan farko ya sauka a bayan kafaɗarsa yana ƙoƙarin miƙewa, ya sake kifewa.

"Matata ce," in ji Direba, jini na zuba daga hancinsa zuwa gemu. "Kai ka ba ni ita da hannunka."

Ya sake ɗaga ƙarfen. Mai Kunne ya mirgina, ƙarfen ya doki tayar tifa ya yi tsalle, hannun Direba ya tafi da shi. Kafin ya dawo da shi, tsohon ya cafke masa tsintsiyar hannun dama da hannu biyu. Da ƙarfi ba zai iya da shi ba, ya sani. Amma wanda ya yi shekara talatin yana kwance notin da tsatsa ta cinye ya san ba ƙarfi ke kwance shi ba, wurin dogarawa ne da tsawon ƙarfe. Ya kuma san kowace gaɓa tana da inda take juyawa da inda ba ta zuwa. Ya fizgi hannun ya cusa dantsen tsakanin ƙarafan matakalar da direba ke takawa ya hau mota, ya juya tsintsiyar baya, ya saki dukan nauyin jikinsa a kanta.

Ƙarar da ta fito irin ta kusar da ta tsinke a cikin inji ce. Direba ya saki ƙarfen jak, ya buɗe baki amma murya ba ta fito ba. Mai Kunne ya san aiki ya gama tun a wannan ƙarar. Duk da haka bai saki ba. Ya gyara riƙo, ya sake murɗawa.

Wannan murɗawa ta biyun ita ce abin da ya kasa yi wa kowa bayaninsa daga baya, har kansa.

Ƙashin ya huda fata a saman gwiwar hannu, fari, mai tsini. Direba ya kurma ihu ya zube a gwiwoyinsa, hannun yana maƙale a matakala. Sai jini ya ɓalle. Ba zuba yake ba, tsartuwa yake: ya harba ya doki tayar, ya tsaya, ya sake harbawa. Mai Kunne ya tsaya yana kallo da idonsa ɗaya. Ya sha ganin irin wannan a bututun man da ya fashe kusa da famfo, kuma ya san irin wannan yoyon ba ya tsayawa sai tanki ya ƙare.

Hannuwansa suka riga tunaninsa. Ya fizgo igiyar roba da ake ɗaure tamfol da ita, ya zare hannun daga matakala, ya naɗa robar a can sama kusa da hammata, ya ƙulle. Ya zura ƙarfen jak ɗin nan a cikin ƙullin ya fara juyawa. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Tsartuwar ta rage tsawo, ta koma ɗigo, ta tsaya.

A lokacin ne leburan suka sami ƙarfin hali. Suka yo kansa da shebur. Ɗaya ya shimfiɗa masa faɗin shebur a gadon baya, wani ya harbe shi a cinya, wani yana cewa a gama da tsohon banza a nan. Mai Kunne ya duƙunƙune a kan hannun da yake riƙe, ya tofar da haƙoran da ke bakinsa.

"In na saki ƙarfen nan, zai mutu kafin ku kai shi bakin titi," ya ce. "Ku kawo mota, in ya so ku kashe ni a asibiti."

Suka tsaya suna kallon juna. Wani ya ruga ya kawo motar ɗaukar bulo. Aka kwantar da Direba a baya, kansa a kan cinyar surukinsa, don ba wanda ya yarda ya karɓi riƙon ƙarfen. Duk tsawon hanya Direba yana kiran uwarsa, idanunsa suna juyewa, leɓensa ya yi fari. Mai Kunne ya ɗora yatsa a wuyansa yana jin bugun: sauri-sauri, ba nauyi, kamar injin da mai ke yanke masa.

A asibiti, likitar ƙashi, wata gajeruwar mata mai tabarau, ta tambayi wanda ya ɗaure hannun, da ƙarfe nawa aka ɗaure. Mai Kunne ya ce shi ne, ya faɗi lokacin. Ta ce ya ceci ran mutumin. Sannan ta tambayi wanda ya karya. Ya ce shi ne. Ta dube shi ta saman tabarau, ta bi gadon da ake turawa ɗakin tiyata.

Sa'a biyar aka yi. An ɗinke wa Mai Kunne leɓe da gira, an zaunar da shi a benci, ɗan sanda yana tsaye a kansa. Da likitar ta fito, ta zo da hoton ƙashin ta ɗaga shi a hasken taga. Karayar ta zagaye ƙashin kamar rodin da aka murɗa har ya tsage. Ta ce sun huda shi da injin huji, sun ɗora farantin ƙarfe, sun ɗaure da kusoshi takwas. Jijiyar jinin da ta yage kuma sun yanko wata daga ƙafarsa sun yi mata faci. Mai Kunne yana ji yana gyaɗa kai, don duk wannan aikin ya san shi, har ya kusa tambayar lambar kusoshin.

"Amma akwai wata jijiya da ba ta ɗaukar jini," in ji ta. "Saƙo take kaiwa, ita ke ɗaga tsintsiyar hannu da yatsu. Tsinin ƙashin ya datse ta."

"Waya ke nan. Ba a sauya ta?"

"Baba, ba a sayar da irinta. Mun haɗa bakinta. Ko ta yi tsiro ko kada ta yi." Ta naɗe hoton. "Da karaya ɗaya ce, da ba ta kai nan ba. Kamar sau biyu aka murɗa hannun."

Ɗan sandan ya taɓa masa kafaɗa, ya tashi ya bi shi.

Washegari da safe Auta ta zo ofishin 'yan sanda. Ta tsaya a bayan ƙarafan, ta miƙa masa shayi da burodi, ta ga ba zai iya tauna ba, ta jiƙa masa burodin. Sai da ya ci sannan ta yi magana, a hankali, don haƙarƙarinta ba sa barin ta ɗaga murya. Ta ce kwana uku ke nan da ta je asibiti da ƙafarta, ta karɓo takardar likita, ta kai kotu ta nemi a raba auren. Kayanta suna ɗaure a shago. Abin da ta zo faɗa masa ke nan jiya.

"Da na fita a matsayin wadda aka zalunta," ta ce. "Yanzu ni ce wadda ubanta ya nakasa mata miji. Har shago an zo an nuna ni da yatsa."

Ya ce don ita ya yi. Ta ce ta sani, ta ɗauki kofin ta tafi.

Alƙali ya duba cewa Mai Kunne ya je hannu biyu, Direba ne ya fara ɗaukar ƙarfe, kuma tsohon ne ya tsayar da jinin. Ya kuma duba maganar likita a kan murɗawa ta biyu. Aka yanke masa ɗaurin wata tara. Yana ciki aka raba auren. Auta ba ta koma gida ba, ta kama ɗaki a bayan shagonta.

Da ya fito, ya tarar Mai Walda ya riƙe masa rumfa da kayan aiki, ko noti bai ɓace ba. Ya koma aiki da kafaɗar da ba ta ɗaguwa sosai da gibi a baki. Maganar mutum inji ne bai ƙara yin ta ba, ba kuma wanda ya tuna masa.

A mako na uku da fitowarsa, da hantsi, yana sunkuye a kan wani inji, sai ya ji garejin ya yi tsit. Ya ɗago. Wata tsohuwa ce siririya ke tahowa tsakanin motoci, Direba yana bayanta. Ya gane ta, uwar Direba ce, sun zauna tabarma ɗaya lokacin neman aure. Direba ya rame, wuyan nan ya zube, hannun damansa yana lilo daga tsintsiya kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Tsohuwar ba ta yi sallama ba. Ta sunkuya ta ɗauki guntun bututun salansa daga tarin ƙarafa, ta riƙe da hannu biyu, ta sauke masa a goshi. Fata ta tsage, jini ya rufe masa fuska. Mai Walda ya jefar da abin da ke hannunsa ya taho da gudu, Mai Kunne ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar ta. Ta sake kai masa a wuya, ta kai masa a kafaɗar nan mai ciwo, ta kai masa a gwiwa har ya durƙusa. Tana duka tana faɗin baki shida da hannun nan yake ciyarwa, tana faɗin yadda yanzu ita ke ɗaure wa ƙaton ɗanta mazagin wando kamar jariri. Ba ta ambaci Auta ba ko sau ɗaya. A duka na bakwai ko na takwas ƙarfinta ya ƙare, bututun ya faɗi, ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana haki.

Da ta huta, ta jawo ɗanta, ta ɗaga hannun a gaban fuskar Mai Kunne, ta saki. Ya faɗi. Ta sake ɗagawa, ta saki. "Ga aikinka," ta ce. "Na kawo maka ka gani."

Mai Kunne ya share jinin da ke idonsa da hannun riga. Ya lura da wani abu: duk lokacin da ta ɗaga tsintsiyar, yatsun suna ɗan lanƙwashewa. Ya miƙa hannu ya tallafi tsintsiyar da kansa. Direba ya so fizgewa, uwar ta riƙe shi.

"Matse yatsuna," in ji Mai Kunne.

Direba ya dube shi da idon da ba ya buƙatar fassara, ya matse. Sai da ƙasusuwan yatsun tsohon suka yi ƙara. Ashe riƙo yana nan da ƙarfinsa, ɗagawa ce ta mutu, kamar totur ɗin da sifirinsa ya tsinke: in ka taka ya tafi, amma ba mai dawo da shi. Ya ce su dawo bayan kwana goma. Tsohuwar ta ja tsaki, ta tasa ɗanta gaba.

Kwana goman nan shi da Mai Walda ba su taɓa mota ba. Suka yanko farin ƙarfe mara nauyi daga jikin wata tsohuwar bas, suka lanƙwasa shi a kan dantsen Mai Walda, suka shimfiɗa masa fatar kujera a ciki. Sifirin birki ya yi ƙarfi, na totur ya yi daidai, suka sa huɗu, kowane yatsa da nasa zoben fata. Mai Kunne ya kai wa likitar ƙashi ta gani. Ta juya shi a hannunta, ta ce irinsa ake yi wa masu wannan ciwon, ta zana masa inda zai ƙara lanƙwasawa, ta kuma ce ya je a ɗinke goshinsa kafin ya ruɓe.

Direba ya zo shi kaɗai. Ya miƙa hannu yana kallon gefe har aka gama ɗaure madauri. Sifirin suka ɗago yatsun suka buɗe. Ya dube su, ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauki babbar sifana, ya riƙe ta gam. Ya daɗe yana auna nauyinta, yana kallon ɗinkin da ke goshin tsohon. Mai Walda ya matso kusa. Direba ya saki, sifanar ta faɗi a kan tebur, ya juya ya fita ba godiya ba zagi. Bai ƙara tuƙa tifa ba. An ba shi aikin buɗe ƙofa a filin yashin.

Labarin ya kai wa Auta ta bakin uwarta. Ranar ta rufe shago ta zo garejin, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana 'yar makaranta. Ta tsaya a bakin rumfa, ba ta shiga ba.

"Ka karya shi ba ka tambaye ni ba, ka gyara shi ba ka tambaye ni ba."

Mai Kunne ya ce ai da ƙafa ya yi mata, ba da hannu ba. Yana faɗa ya san ya yi wauta.

"Da hannun yake riƙe gashina, Baba, kafin ya sa ƙafar."

Ta gyara mayafinta ta tafi. Ya bi ta da ido har ta tsallaka titi, tana tafiya a miƙe, jakarta a kafaɗa.

Daga nan takan zo gida ƙarshen mako ta ga uwarta, ta gaishe shi daga ƙofa yadda ya kamata, ta shige ɗaki. Uwar ta hana shi tada maganar, ta ce ya yi abin da bai saba ba, ya jira. Ya jira. Sai da aka kusa shekara, wata Asabar ya dawo ya tarar da ita zaune a tsakar gida tana gyara wuyan wata tsohuwar rigarsa ta aiki da ta samu a kan igiya. Ba ta tashi ta shige ba. Ta ce rigar ta gama yawo, ya tsaya ta gwada shi ta ɗinka masa sabuwa. Ya tsaya, ta zagayo da tef, ta ce ya ɗaga hannu. Na hagu ya ɗagu, na dama ya tsaya a rabi. Ta ce ya bar shi haka, za ta auna daga baya.